Abin da Gidan Dabino Ya Riga Kamfanin Marvel Ganewa

Mai karatu, akwai wata tambaya da ke tada jijiyar wuya tsakanin 'yan kallo a wajenmu, daga Shagari har Boɗinga, kuma na san kai ma an taɓa yi maka ita ko ka yi wa wani. Wai me ya sa Bature zai ɗauko ɗan littafin zane na yara, wanda bai fi shafi talatin ba, ya mai da shi fim ɗin da duniya za ta yi layi ta kalla, mu kuwa ga littattafai nan jibge kamar buhunan gero a rumbu, amma furodusanmu ya gwammace ya zauna gaban fim ɗin Indiya da biro da takarda yana kwafa? Amsar da kowa ke bayarwa ita ce kuɗi. Su suna da shi, mu ba mu da shi, shi ke nan an kashe baki. To ni dai wannan amsa ba ta taɓa ƙosar da ni ba, domin idan ka bi tarihin kamfanin nan na Marvel da ake ta kururutawa, za ka tarar lokacin da ya yanke shawarar da ta ɗaukaka shi, da kuɗin rance ya aiwatar da ita. Kuma shawarar nan, wani bawan Allah a Kano ya riga shi yanke irinta da shekara goma sha ɗaya.

Bari mu fara da nasu, tunda su ne manya.

A shekarar 1939 wani mai buga mujallu a birnin New York na Amurka, Martin Goodman, ya kafa wani ɗan kamfani mai suna Timely. Sana'arsa ita ce buga labarai cikin zane, wato hoto bayan hoto, maganar kowane mutum a rubuce cikin wani ɗan ƙawanya kusa da bakinsa, ana sayar wa yara da sojoji da arha. Kamfanin ya canza suna zuwa Atlas, daga baya ya koma Marvel. Tauraronsa bai haska sosai ba sai a 1961, lokacin da marubuci Stan Lee da mai zane Jack Kirby suka fito da Fantastic Four. A 1962 Stan Lee da wani mai zanen, Steve Ditko, suka ƙago Spider-Man. Cikin 'yan shekaru kaɗan aka samu su Hulk da Thor da Iron Man da X-Men, sannan Black Panther a 1966. Wato kusan duk sadaukan da ƙannenmu ke liƙa hotunansu a waya yau, sun girmi iyayenmu da yawa.

Amma fa shekara da shekaru Marvel ba ya yin fim. Abin da yake yi shi ne, wanda duk ya zo da 'yan kuɗinsa, sai a sayar masa da izinin ɗaukar jarumi ɗaya ya je ya yi fim da shi. Finafinan kuwa galibi abin kunya, har da wani na agwagwa mai magana da aka yi a 1986, wanda har gobe ana yi masa dariya. A watan Disamba na 1996 kamfanin ya durƙushe, ya kai kansa kotu ya ce ba ya iya biyan basussukansa. Don ya samu na numfashi, tun kafin hakan da kuma bayansa, ya yi ta sayar da 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya: Blade ya tafi New Line, X-Men suka tafi Fox, Spider-Man ya tafi Sony. Wannan karon finafinan suka karɓu. Blade na 1998 ya tara fiye da dala miliyan 100, amma abin da aka sha ruwaitowa shi ne dala dubu 25 kacal ta shiga aljihun Marvel. Spider-Man na 2002 ya haura dala miliyan 800, mai ɗa kuwa aka ba shi ɗan abin da aka ga dama. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A 2005 suka ce ya isa. Suka je wurin bankin Merrill Lynch suka karɓo rancen dala miliyan 525 don su riƙa yin fim da kansu. Ka san abin da suka jinginar? Ba gida ba ne, ba fili ba ne. Haƙƙin yin fim da wasu jarumansu goma suka ajiye, ciki har da Captain America da Doctor Strange da Black Panther, a kan in abin ya ƙi, banki ya riƙe. Mai karatu, tsaya ka yi tunanin wannan da kyau: banki ya karɓi mutanen da babu su a duniya sai a takarda a matsayin jingina. A 2008 suka saki Iron Man, ya tara kusan dala miliyan 585. A 2009 kamfanin Disney ya saye Marvel ɗungurungum a kan kimanin dala biliyan 4. Sauran labarin ka san shi, har zuwa Avengers: Endgame na 2019 da ya kusa dala biliyan 2.8.

To yanzu mu dawo gida.

Mu ba mu taso da littattafan zane ba, wannan gaskiya ne. Iyayenmu da suka yi boko sun ɗan ga mujallar African Film ta Lance Spearman a ƙarshen shekarun 1960, wadda labari ne cikin hotunan kyamara, kuma da Turanci. Abin da ya tsaya mana a matsayin da littafin zane ya tsaya wa yaron Amurka shi ne ɗan littafin nan siriri mai arha, mai zanen budurwa a bango, wanda ake rabawa kashi na ɗaya da na biyu da na uku don a ja ran mai karatu. Manazarta irin su Ibrahim Malumfashi suka laƙaba masa suna Adabin Kasuwar Kano, aka yi ta tafka muhawara a jaridu cikin shekarun 1990, su Ibrahim Sheme da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu kowa na jan nasa. Kamannin sun yi yawa. Duka biyun an raina su, an ce suna ɓata tarbiyya, duka biyun talaka ne ya riƙe su, kuma duka biyun a cikinsu ne masana'antar fim ta sami abincinta. Hatta sunan ƙungiyar marubutan da ta fi tashe a lokacin amsa ce ga masu rainin: Raina Kama, ka ga gayya.

Cikin jagororin wannan ƙungiya akwai Ado Ahmad Gidan Dabino, da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yan Gurasa. A 1991 Ado ya fitar da In Da So Da Ƙauna, labarin Sumayya 'yar masu hali da ta kamu da son Muhammad ɗan talakawa, ga kuma attajiri Abdulƙadir da aka fi so ta aura, har abin ya kai ta ga faɗawa rijiya. Littafin ya yi kasuwar da ba a saba gani ba, aka fassara shi zuwa Turanci, masu suka kuma suka yi caa a kansa, wai zai koya wa 'yan mata bijire wa iyaye. Abin lura a nan, Ado bai kai littafin wani babban kamfanin ɗab'i ba. Shi ya rubuta, shi ya buga, shi ya bi kasuwa da shi. Saboda haka da zancen fim ya taso babu wanda zai je ya roƙa.

Zancen fim kuwa ya taso da wuri. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka shi ne fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da aka yi don kasuwa, kuma marigayi Aminu Hassan Yakasai da ya rubuta shi, shi kansa marubucin littafi ne. Ka ga tun ran gini aka yi zane: marubuta ne suka yi wa wannan masana'anta wankan jego. A 1994 Ado ya mai da In Da So Da Ƙauna fim a ƙarƙashin kamfaninsa na Gidan Dabino, shi ne furodusa, kuma ya fito a ciki. Bai sayar wa kowa da Sumayya ba. Wannan ita ce shawarar da Marvel bai kai gare ta ba sai a 2005, bayan ya sha wuya a hannun manyan kamfanoni.

Ba shi kaɗai ba ne kuma. Adamu Muhammad ya yi Kwabon Masoyi, har sunan ya bi shi. Bala Anas Babinlata ya yi Tsuntsu Mai Wayo. Ɗan'azumi Baba ya kafa RK Studio ya ɗauko Rikicin Duniya ya kai shi kaset. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 an yi fim da Ki Yarda Da Ni na Hajiya Bilkisu Funtuwa, da Alhaki Kwikwiyo na Hajiya Balaraba. In ka ce mu ƙara ja da baya, ai gwamnati ma ta gwada: Adamu Halilu ya yi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1976, da Umaru Ladan a matsayin jarumi, sannan Hukumar Finafinai ta Nijeriya ta yi Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina a farkon shekarun 1990. Shaihu Umar ɗin nan ya ɓace shekaru da yawa, sai da Jamusawa suka taimaka aka gyara faifansa, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Wannan kuma wani zance ne na daban mai ciwo.

Ni ban riski wancan zamani ba, an yi fim ɗin In Da So Da Ƙauna ban zo duniya ba. Littafin na fara gani, a adakar wata gwaggona a Shagari, ƙarƙashin zannuwan da ba a ɗaurawa sai da Sallah. Bangonsa ya rabu, an ɗinke shi da zare, shafukan sun yi launin ƙasa saboda yawan hannu. Ta kama ni da shi ina aji shida na firamare, ta fizge, ta ce, "Kai ɗan nan, aje mani littahina, wanga ba karatun yara na ba." Da na matsa mata da tambaya daga baya, sai ta ba ni labarin yadda littafin ya iso ta. Wani direba da ke bin hanyar Sakkwato zuwa Jega ne ya kawo wa matarsa, matar ta ara wa maƙwabciya, daga nan ya zaga gida ya fi goma kafin ya tsaya wurinta, har da wata tafiya da ya yi zuwa Boɗinga cikin kayan amarya ya dawo. Waɗanda ba su iya karatun boko ba kuwa, bayan sallar isha'i ake karanta masu a tsakar gida da fitilar ƙwai. Ta ce ranar da aka kawo kaset ɗin fim ɗin gidan wani ma'aikacin ƙaramar hukuma mai janareta, matan unguwa ba don su ji labari suka je ba, sun riga sun haddace shi. Sun je ne su ga ko Sumayyar kaset ta kai Sumayyar da ke zukatansu. Ta ce wasu sun fito suna tsaki, wai ba haka take ba, amma washegari sun koma.

Wannan magana ta gwaggona ita ce jarin Marvel kaf. Fim ɗin da aka ciro daga littafi yana zuwa ne da 'yan kallonsa a hannu. Ba ya bukatar ya gabatar da kansa, an san shi, an yi faɗa a kansa, an yi masa kuka tun kafin a kunna kyamara. Hatta tsakin nan talla ne. Ni da na zo na kalli fim ɗin ina dalibin kwalejin kimiyya da fasaha, a wani kwafi da ya sha jiki, na ga raunin da duk finafinan farko ke da shi: kyamara a kafe wuri ɗaya, sauti na hawa da sauka, zance ya yi yawa domin an ɗauko jimlolin littafi an ɗora a bakin ɗan wasa ba tare da an rage masu nauyi ba. Amma akwai labari mai ƙashin baya, mai farko da tsakiya da ƙarshe, kuma kowane mutum a ciki yana da dalilin abin da yake yi. Finafinai nawa na yau, masu kyamara mai tashi sama, za ka faɗi haka a kansu?

To me ya hana Gidan Dabino zama Marvel ɗinmu? A nan ne nake ganin ya kamata mu daɗe.

Abu na farko, tsarin kasuwa. A zamanin kaset furodusa ba ya sayar da fim, kwali yake sayarwa. Zai kai uwar kaset wurin 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai ko Bata, ya bugo kwalaye masu hoton fim ɗin, su kuma su sayi kaset fanko su naɗa, su sa a kwalinsa su sayar. Kuɗinsa na kan adadin kwalin da ya shiga, kuma sau da yawa sai an sayar ake biyansa, kaɗan-kaɗan. Duk wanda ya naɗi fim ɗin a Gusau ko Maraɗi ko Sakkwato ba da kwalin ba, ya ci bulus. Gidan kallo da ya tara mutum ɗari a kaset ɗaya, ko sisi ba ya komawa Kano. A irin wannan tsari babu yadda kamfani zai tara jarin da zai yi shirin shekara biyar. Fim ɗin yau ne ke biyan bashin na jiya. Kuma wane banki ne a Nijeriya, a lokacin ko yanzu, za ka shiga ka ce ka zo jinginar da Sumayya da Muhammad, manaja bai kira maigadi ba?

Sannan ga Sangaya. A 1999 kamfanin Sarauniya ya fitar da shi, da Ali Nuhu da Fati Muhammad, waƙarsa ta cika gari, har masu tallar goro na rerawa. A shekarar ce kuma mujallar Tauraruwa ta raɗa wa masana'antar suna Kannywood. Wasila ya biyo baya a 2000. Daga nan 'yan kasuwa suka gano cewa waƙa da rawa ne ke sayar da kaset, tambayarsu ta koma waƙa nawa ce a ciki, kuma wa ya hau ta. Ba na zargin Sangaya da komai, fim ne da ya yi abin da ya zo yi, kuma kamfanin nan ne dai ya ɗauko tatsuniyar Daskin Da Riɗi ya yi fim da ita kafin nan. Amma abin da ya biyo baya ya tura marubuci bayan fage. Me zai sa furodusa ya biya mai littafi, ya kuma jure ƙorafinsa cewa an ɓata masa labari, alhali ga labaran Indiya kyauta, ba mai biyo shi? Aka wayi gari akwai finafinan da ake fara naɗar waƙoƙinsu, sannan a nemi labarin da za a rataya su a jiki. Da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta kafu a 2001, da kuma tsananin da aka shiga daga 2007, wanda ya haɗa har da marubuta, sai kowa ya koma ta kansa yake yi.

Akwai dalili na uku, wanda ban cika jin ana faɗa ba, ni kuwa shi na fi ba ƙarfi. Littattafanmu na soyayya labari suke ƙirƙira, ba su cika ƙirƙirar mutumin da zai rayu bayan labarin ba. Ranar da aka ɗaura auren Sumayya da Muhammad, an gama da su. Spider-Man kuwa ba a gamawa da shi. Tun 1962 yake ɗan saurayi mai fama da kuɗin haya, kuma tun 2002 mutum uku suka sa rigarsa a manyan finafinai, Tobey Maguire da Andrew Garfield da Tom Holland, babu wanda ya ce ba shi ba ne. Rigar ta kamfani ce, ɗan wasa haya yake yi. Dubi namu. Babu wani suna a fim ɗin Hausa da ya kai Ibro jan kasuwa, ya fito a matsayin direba, ya fito ɗan sanda, ya fito malami, ko'ina ka sa shi ya zauna. Amma Ibro shi ne Rabilu Musa, Rabilu Musa shi ne Ibro. Da Allah ya karɓi abinsa a watan Disamba na 2014, Ibro ya bi shi kabari. Haka Samanja ya tafi tare da Usman Baba Pategi a 2023. Allah ya jiƙansu. Mun gina gidajenmu a kan mutane, mutum kuwa ba ya dawwama.

In ka ce ai wannan sai Bature, to ga ɗan Nijeriya. Wale Adenuga ya fara buga mujallar zane ta barkwanci mai suna Ikebe Super a Legas a 1976, a cikinta aka haifi Papa Ajasco mai sanƙo da iyalinsa. A 1983 ya yi fim ɗin sinima da shi, cikin shekarun 1990 ya kai shi talabijin, a 2001 ya ƙara da Super Story, wadda ita ma sunan mujallarsa ce, daga baya ya buɗe makarantar koyon fim da tashar talabijin tasa. An taɓa canza wanda ke fitowa a Papa Ajasco, Femi Ogunrombi ya karɓi Abiodun Ayoyinka na wani lokaci, shirin bai tsaya ba. Dalili? Papa Ajasco zane ne kafin ya zama mutum, kuma takardar mallakarsa na hannun kamfani.

Kada ka ɗauka ina yi wa Marvel kirari ne ba ƙaƙƙautawa. Wannan tsari na kamfani ya mallaki komai yana da nasa zalunci. Jack Kirby, wanda hannunsa ya zana rabin sadaukan nan, a matsayin ɗan ƙwadago ya yi aikin, ya mutu a 1994 bai mallaki ko ɗaya ba, sai a 2014 iyalinsa suka sasanta da kamfanin bayan doguwar shari'a. A maƙwabcinsu kuwa, samari biyun da suka ƙago Superman dala 130 aka ba su a 1938. Ta wannan fuska hanyar Gidan Dabino ta fi adalci nesa ba kusa ba, domin mai alƙalami shi ne mai kamfani. Kuma su kansu finafinan Marvel na baya-bayan nan sun fara gundurar mutane, The Marvels na 2023 ya faɗi warwas a kasuwa. Miya ɗaya kullum, ko ta naman kaza ce, tana ginsa.

Su Ado dai ba su bar fagen ba. An ba shi lambar girmamawa ta ƙasa, MON, a 2014. A 2017 Hajiya Balaraba ta shirya Juyin Sarauta, Falalu Ɗorayi ya ba da umarni, Ado ya fito a ciki, kuma duk wanda ya kalle shi ya san aikin marubuta ne, daga tufafi har lafazi. Littafinta na Alhaki kuwa wani kamfani a Indiya ya buga fassararsa ta Turanci a 2012, abin dariya, mu muna kwaso nasu, su suna buga namu. Sai dai ɗaiɗaikun ayyuka ne, ba kamfani mai fitar da fim duk shekara daga rumbun littattafansa ba.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance yanzu shi ne, ƙofar da ta rufe ta sake buɗewa. Kaset ya mutu, faifan CD ya bi shi, kasuwa ta koma finafinai masu dogon zango. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, Daɗin Kowa ya zo, Kwana Casa'in ya zo, Labarina da Izzar So suka mamaye 2020. Shiri mai dogon zango kuwa ba ya tafiya da waƙa huɗu da ɗan guntun labari, sai da marubuci, shi ya sa ka ga marubutan littafi irin su Nazir Adam Salihi da Fauziyya D. Sulaiman sun zama abin nema. A ɗaya gefen kuma ga dubban 'yan mata na rubuta littafi a waya, suna sakin shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, masu karatu na biya ta asusun banki. Ƙanwata a nan Shagari tana cikin irin waɗannan zaurukan ya fi biyar, kuma yadda suke faɗa a kan jarumar labari, haka gwaggona ta ce sun yi a kan Sumayya. Wato 'yan kallo na nan a tare, suna jiran kyamara.

Tsorona shi ne waɗannan yara su maimaita kuskuren Marvel na farko maimakon dabarar Gidan Dabino. Furodusa zai kira yarinya a waya, ya ce Hajiya muna son labarin nan naki, ya tura mata abin da bai kai kuɗin atamfa biyu ba, ita kuma murnar za a ga sunanta a talabijin ta hana ta tambayar komai. Babu takarda, babu shaida. An saya ne ko an ara? Na shekara nawa? Zango ɗaya ko har abada? In an ɗora a YouTube yana kawo kuɗi shekara biyar, tana da kaso? In an canza mata labari har ta kasa gane shi, tana da bakin magana? Ke 'yar'uwa mai rubutu, in kina karanta wannan, waɗannan tambayoyi biyar ki sa a rubuta amsarsu kafin ki ce na amince, kuma ki sa wani babba naki ya sa hannu a matsayin shaida. Ko akuya za a saya a kasuwar Boɗinga ai sai da dillali da shaidu.

Sadaukai kuwa, masu cewa ba mu da su ba su yi karatu ba ne. Gandoki na Muhammadu Bello Kagara tun 1934 yake yaƙi da Turawa da aljannu. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja da abokin ƙullinsa Malam Zurƙe, ai ba su da maraba da jaruman da ake ja shekara hamsin ana ba su sabuwar tafiya. Ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Ga akun Magana Jari Ce, wanda ya ɗaure labarai barkatai a igiya ɗaya tun kafin Marvel ya yi tunanin haɗa jarumansa a fim guda. Ga tarin littattafan yaƙi na Abdul'aziz Sani Madakin Gini da samari ke rububi. Mu nan ƙasar Sakkwato ma, daga Tabkin Kwatto a 1804 zuwa Giginya a 1903 da Satiru a 1906, wane irin labari ne babu? Muna zaune wani ɗan Legas mazaunin Amurka, Roye Okupe, ya zana littafin Malika, sarauniya mayaƙiya mai mulkin wata daula wai ita Azzaz. Juya sunan ka ji, Zazzau ce, Amina ce aka sauya wa kallabi. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, ya ga dukiya a yashe ya ɗauka, kuma wani aikin nasa, Iyanu, ya riga ya zama katun a talabijin ɗin Amurka a 2025.

Na san wani zai ce fim ɗin Gandoki sai da dawaki ɗari da dabarun kwamfuta, ina kuɗin? To a fara da zane mana. Mai zane ɗaya da marubuci ɗaya sun isa su fitar da shafi ashirin a wata, a saka a waya, a ga ko za a karɓa. Masu zanen da ke ƙawata bayan manyan motoci da zaki da dawisu, da irin su Mustapha Bulama da ke zanen barkwanci a jarida, sun nuna hannun na nan. Runduna dubu a takarda kuɗin tawada kawai take ci.

Sai dai duk mai wannan niyya ya sani waɗancan tsofaffin littattafai suna da masu su. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta aka sa wa hannu a 2023, ta ba marubuci da magadansa kariya har shekara 70 bayan rasuwarsa. Tafawa Ɓalewa ya rasu a 1966, saboda haka Shaihu Umar ba zai zama na kowa da kowa ba sai bayan 2036. Bello Kagara ya rasu a 1971, Gandoki sai bayan 2041. Abubakar Imam ya rasu a 1981, Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce sai bayan 2051. Kafin nan, hanya ita ce a nufi Zariya wurin kamfanin NNPC da ke buga su, a kuma nemi iyalan marubutan, a zauna a yi ciniki a rubuce. Ni dai in aka ce sai 2051 za a fara, lokacin na haura hamsin, kuma ban tabbata idona zai iya karatun ƙananan rubutun da ke cikin ƙawanyar zane ba.